Mai takaba da jinyar mahaifiya a asibiti

Tambaya: Daga Runka nake, cikin ƙaramar hukumar Safana. Maigidana ya rasu, yau kwana 40. Mahaifiyata tana Batsari, ciwon dajin mama gare ta, ana yi mata kemo duk bayan mako 3 a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma likita ya ce nan gaba sai an je asibitin Shika an yi gashi. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Dangin mijina sun ce mai takaba ba ta taka ƙofar gida. Ga kuka kullum dare, har ban san na wa nake yi ba. Ina da laifi?

Amsa: Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba tsohuwa lafiya. Takabarki wata 4 ce da kwana 10, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234, sai dai in akwai ciki, to sai kin haihu. Abin da ke kanki biyu ne: barin ado, irin su turare da lalle da kwalli, da kuma kwana a gidan da rasuwar ta same ki. Hujjar na biyun shi ne labarin Furai'a 'yar Malik da ke cikin Muwaɗɗa, wadda aka kashe mijinta, ta nemi komawa wurin danginta, Annabi (SAW) ya ce ta zauna ɗakinta har ta gama.

Fita da rana don buƙata kuwa halas ne a mazhabarmu ta Malikiyya. Muslim ya ruwaito cewa an saki innar Jabir, ta fita yankan dabinonta tana cikin idda, wani ya hana ta, Annabi (SAW) ya ba ta izini. Wadda aka bari ta je gonar dabino, ina ga mai zuwa riƙe wa uwarta roba tana amai?

Kwanan ne ke da magana. Da a ce za ki iya barin Katsina bayan la'asar ki iso Runka lafiya, da na ce ki dawo ki kwana gida. Amma duk mutumin yankin Dajin Rugu ya san yadda 'yan bindiga suka mai da tafiyar yamma. Malamanmu sun yarda mai idda ta bar gidan ɗungurungum in tana tsoron ɓarayi ko rushewar gini, balle kwana ɗaya ko biyu don larura. Saboda haka ranar kemo, da kwanakin bayanta da jiki ke mutuwa, abinci ya ƙi zama, ki kwana wurinta. Wanka da canja mata zane ba aikin ɗa namiji ba ne matuƙar kina nan. Da ta ɗan ji dama ki koma ɗakinki. Kwanakin da kika yi a waje ba a rama su, lissafin takaba na tafiya.

Shika daban ce, don gashi na iya cin makonni. In za a samu inna ko matar wa ta karɓe ki, ku yi karɓa-karɓa. In babu, ki tafi tare da muharraminki. Kada dai a ɗaga ranar da likita ya sa don jiran ki fita takaba. Wannan ciwo ba ya jira.

Dangin mijinki ba mugunta suka nufa ba, abin da suka taras ne. Da hana fita da riƙe wuƙa da cewa wanka sai Juma'a duk al'ada ce, ba su da tushe a shari'a. Kada ki yi musu da su da bakinki. Ki sa limamin unguwa ya yi wa babban gidan bayani.

Kuka kuma, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Naki ba ya ciki. In ya kai ba ki barci, ba ki cin abinci, ki faɗa wa likita ranar da kika raka tsohuwa, ke ma a duba ki. Wallahu a'alam.