«Lafiya lau» ta soja: ƙarya ce ko kara?

A ƙasar Hausa, ko majinyacin da ke kwance aka gaida, amsarsa ita ce «da sauƙi». Wannan tsohuwar al'ada ta zama tambaya mai nauyi tun da yaƙi ya shigo Nijar, daga harin Boko Haram a Boso da Difa cikin Fabrairun 2015 zuwa tashin hankalin iyakar Mali. Shin saurayin sojan da ya ce wa mahaifiyarsa yana lafiya lau, alhali yana bakin dāga, ƙarya ya yi mata ko kuwa kara?

Ɓoyon yakan fara tun daga horo. Saurayin da aka kai barikin Tondibiya, kusa da Yamai, za a aske masa kai, a ba shi kaki da lamba. Da asuba gudu, da hantsi fareti, da rana kwance bindiga da haɗa ta har hannu ya saba, da dare gadi. Ana koya masa haɗiye ƙorafi, ana kuma hana shi faɗin inda rundunarsa take ko inda za ta. Ranar da ya sami salula ya kira gida, ba zai ambaci ciwon ƙafa ko tsawar sarjan ba. «Inna, muna nan lafiya, abinci isasshe.» Ita ma ba za ta ce masa rumbu ya yi ƙasa ba, ko Baba ya kwana da zazzaɓi. In ɗan fari ne, ko sunansa ba za ta kama ba, sai dai «Allah ya tsare».

Masu ganin laifin wannan ɗabi'a suna da hujja. Suna cewa uwa tana da hakkin sanin halin da ɗanta yake ciki, domin addu'arta ta dace da bukatarsa, kuma domin kada mummunan labari ya same ta ba shiri. Sai dai maƙaryaci yana nufin dasa wa mai sauraro abin da ba haka yake ba, don ya ci riba da jahilcinsa. A nan kuwa babu wanda aka yaudara. Uwa tana sauraron rediyo, ta san abin da kaki yake nufi a wannan zamani, shi ma ya san ta sani. Kowannensu yana ɗauke wa ɗan'uwansa kayan da ba shi da ikon saukewa. Shi ya sa Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma kara tana da iyaka, kuma iyakarta hakkin wani. Soja yana iya ɓoye tsoronsa, domin nasa ne. Bashin da ake bin sa, amanar da ke hannunsa, abin da zai bar wa matarsa da ƴaƴansa, waɗannan ba nasa ba ne shi kaɗai. Wanda ya tafi dāga bai nemi gafarar iyaye ba, bai bar wasiyya ba, don gudun kada a yi kuka, ya sayi kwanciyar hankalin yini ɗaya da rigimar shekaru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Akwai kuma wanda bai cancanci ya ari wannan kara ba ko kaɗan, wato hukuma. A ranar 10 ga Disamba 2019 soja 71 suka rasu a Inates; a ranar 9 ga Janairu 2020 wasu 89 suka kwanta dama a Shinagodar. Mutanen Inates a sansanin sojan sama na Yamai aka yi musu sutura, nesa da maƙabartun garuruwan da yawancinsu suka fito. Iyalin da suka ba da ɗa, suka haƙura har da kabarinsa, suna bin ƙasa bashin gaskiya cikakkiya: manzo ya zo ƙofar gida kafin hoto ya iso ta WhatsApp, a faɗi rana da wuri, a biya hakkin gwauruwa da marayu ba tare da sun yi ta zarya a ofisoshi ba.

Ashe abin dubawa shi ne wanda shirun yake karewa. Shirun ɗa yana kare zuciyar uwa, don haka ya shiga sahun biyayya. Shirun mai iko, in ya wuce sirrin yaƙi, kansa kawai yake karewa. Malamin da ke koya wa yara gaskiya da kunya a aji ɗaya, ya kamata ya nuna musu wannan bambanci tun kafin wasunsu su sa kaki.