Lokacin da Bindiga Take a Kwance

Muna yara a Nasarawan Doya, akwai wani tsohon soja da ke yawan zama a zauren wani maharbi a unguwarmu. Idan an gama saran rake, aiki ya lafa, maharbin yakan shimfiɗa buhu, ya ɗauko bindigarsa harbi-ka-ruga, da tsumma, da 'yar kwalbar man keken ɗinki, ya hau goge ta. Mu kuwa iyakarmu dokin ƙofa. Tsohon sojan ba ya taɓa ta, sai dai ya riƙa ba da labarin tasa ta bariki, wadda suke kira SLR, irin wadda ke ɗura wa kanta harsashi, kowane jan kunama harbi ɗaya.

Ya ce kafin a kwance ta, sai an cire harsasai, an leƙa ciki an tabbatar babu wanda ya maƙale, ko da kai ka ajiye ta da hannunka jiya. Sannan a jera ƙarafunanta a kan bargo, a goge baƙin da hayaƙin albarushi ya bari, a shafa mai kaɗan, don mai da yawa ƙura yake kamawa, balle da hunturu. In an harhaɗa, saje ya zo ya ɗaga bututun ya leƙa ta cikin haske. Ya ga datti, ranar ka sha gwale-gwale. Abin da ya fi zama a ranmu shi ne cewar da ya yi, muddin tana kwance a kan bargon nan, shi da mai tallar goro ƙarfinsu ɗaya.

Da a ce zamani bai juya ba, da wannan ya tsaya a labarin yarinta. Amma tun da gwamnatin Zamfara ta fito a watan Yuni na 2022 ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga su kare kansu, maganar ta shigo kowace majalisa, har namu na Makarfi da Kudan da Ikara. Mutanen da ko yanka kaza ba sa son kallo sun fara tambayar farashi. Don haka tambayar ta zama tamu: shin wanda ke kula da makaminsa, yana wanke shi yana shafa masa mai, wannan kulawar tana gyara shi kansa?

Zuciyarmu tana son a ce e. Aiki ne na natsuwa, mai fushi ba ya iya shi. Kuma sakaci a nan rai yake ci. A yaƙin Vietnam an raba wa sojojin Amurka bindigar M16 ba tare da isassun kayan gogewa ba, har maganar ta bazu cewa ba ta bukatar wanki. Ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, aka yi asarar rayuka, majalisar ƙasar ta yi bincike a 1967, daga baya rundunar ta buga ɗan littafi mai zane-zane don koya wa sojoji kula da ita. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan ƙaryar. Duk wanda ya ce maka abin da ya gina ba ya son kulawa, to yana shirin barin wani da wahala ne.

Ga kuma kishiyarta. AK-47 ta cika duniya ne saboda haƙurinta: a bar ta cikin ƙura da laka, ta tashi. Wannan haƙurin ne ya sa ta dace da hannun yaron da bai taɓa zama gaban malami ko saje ba. Mikhail Kalashnikov, wanda ya ƙera ta, watanni kafin rasuwarsa a Disambar 2013 ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Sai mutum ya ga kamar lissafin ya fito: makamin da ke neman kulawa yana tarbiyyar mai shi, wanda ba ya nema kuwa yana faɗawa hannun kowa.

Amma a yi gaskiya. Ɗan bindigar da ke dajin Birnin Gwari shi ma yana goge tasa. Wataƙila ma ya fi soja ƙauna gare ta, tunda ita ce gonarsa, ita ce kasuwarsa. Yana zama a gindin bishiya cikin natsuwa irin ta maharbinmu, da tsumma da mai, gobe ya je ya ƙona rumbun talaka. Mahauci ma yana wasa wuƙa, ɓarawon shanu ma yana wasawa. Ashe tsabtar bututu ba ta shaidar tsabtar zuciya.

Sai da muka girma muka gane ba tsumman ne zuciyar labarin tsohon sojan ba. Sajen ne. Akwai wanda zai leƙa. Akwai ma'ajiyar da za a mayar da bindiga, da littafin da za a sa hannu, da harsasan da aka ƙirga aka ba ka, waɗanda in ɗaya ya ɓace sai ka faɗi inda ya tafi. Maharbinmu ma ba shi kaɗai ba ne: Sarkin Baka ya san da bindigarsa, mai unguwa ya sani, albarushinsa kuma a wani ɗaki daban yake kwana. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 a kan wannan tunanin take. Ko harbi-ka-ruga, kwamishinan 'yan sanda na iya hana riƙe ta sai da lasisi, bindigar soja kuwa sai izinin shugaban ƙasa. Addini ya riga doka: an umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiyoyi ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa wani rauni, alhali ba wanda ya zarge shi da mugun nufi.

Ba mu zargin wanda ya gaji. Wanda aka ɗauke masa ɗa, ya sayar da gona ya fanso shi, ba zai saurari wa'azin littafin sa hannu ba, kuma ba mu da bakin yi masa. Jami'an da ya kamata su zo sau da yawa sai an gama suke isowa. Sai dai bindigar da aka saya don ɓarawo ba ta komawa kanti idan ɓarawo ya tafi. Tana nan ranar rikicin iyakar gona, tana nan ranar rabon gado da ranar zaɓe, kuma jikanka mai shekara tara ya san inda ake ajiye ta.

Da muka je gida da sallah, mun tarar ana karo-karo don sayo wa 'yan sintiri bindigogin maharba. Mun bayar da namu. Muka tambaya a wajen wa za su riƙa kwana, wa zai ƙirga albarushi, wa zai iya karɓewa daga hannun wanda ya fara wuce gona da iri. Aka ɗan yi shiru. Wani dattijo ya ce tambayar tana kan hanya, amma a bari a sayo tukuna.