Yaran da Ba Su da Sarki

A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, haka ma guragu da kutare. Ko me za a ce game da wannan tsari, ya ba mai babbar nakasa jama'ar da zai shiga da wanda zai tsaya masa. Akwai kuwa waɗanda ba su da sarki: yaro mai nauyin kunne, da yarinyar da ba ta hangen allo sai ta matso, da mai in'ina, da wanda fahimta ke zo masa a makare. Nakasarsu ba ta kai a tura su makarantar kurame ta Maraɗi ba, ba ta kuma bar su su yi kafaɗa da sauran ƴan aji ba. A kwalejojin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kamar ko'ina, bencin baya ne mazauninsu, sunansu kuwa malalata.

Mene ne haƙƙin irin wannan yaro a wuyan daraktan makaranta? Doka ba ta yi shiru ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, kuma tun 1993 aka tanadar musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a manyan ma'aikatu. Sai dai wanda ya san Cadawa ya san aikin albashi kaɗan ne a can. Rayuwa ta dogara ga gonar hatsi da ta aya, da kasuwa, da abin da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ta kawo. A nan, shirya yaro domin girma yana nufin ya iya lissafin kuɗinsa, ya karanta takardar likita, ya riƙe sana'ar da za ta hana shi miƙa hannu.

Wani daraktan yakan ce adalci shi ne a yi wa kowa daidai. Sai ya bar yaron ya maimaita aji har doka ta kore shi, ya fita ba BEPC, ba sana'a, shekarun koyon hannu kuma sun wuce. Wannan daidaitawa wanke hannu ce kawai. Wani kuma, saboda tausayi, yakan kira uban tun shekarar farko ya ce a kai yaro wurin tela ko cibiyar koyon sana'a. Wannan ya fi kama da alheri, shi ya sa ya fi wuyar ganewa idan ya zama zalunci. Yaron da ke koyon darasi da Faransanci, harshen da ba na gidansu ba, ga kunne mai nauyi, ba a san iyakar basirarsa ba tukuna. Sau da yawa abin da ya raba shi da na gaban aji bai wuce sauya masa benci ko tabarau ba. Wanda ya yanke masa makoma kafin a gwada wannan, ya auna gona da igiyar da bai san tsawonta ba.

Ɗinki da kafinta ba faɗuwa ba ne. Da yawa daga masu su sun fi mai takarda rufin asiri. Aibin yana ga yadda aka kai yaron can. An tambaye shi? An zauna da shi da iyayensa tun da sauran lokaci, aka duba abin da hannunsa ya iya da abin da ransa ke so? Ga ƴa mace lamarin ya fi tsanani, domin da zarar an ce karatu ba nata ba ne, shirin da ya rage a gida shi ne aure, kuma ba safai ake jin ta bakinta ba.

Za a ce darakta na da ɗaruruwan ɗalibai, malamai ba su isa ba, kuma da sakamakon jarrabawa ake auna shi. Gaskiya ne. Amma shi ke da rajistar da sunayen masu maimaita aji suke ciki, shi ke zama da kwamitin iyaye, kuma idan ya aika a kira uba, uban yakan zo.