Ɗalibi a Ƙasar Turai: Matafiyi Ne Ko Mazauni?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai juya dare da rana yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Wasiƙar da za mu duba a wannan mako ta fito ne daga wani saurayi ɗan ƙasar nan, wanda ke karatun haɗa magunguna a wata jami'a a birnin Edinbara ta ƙasar Sikotlan, can arewa da Ingila. Ya ce ya sauka garin a tsakiyar watan Satumba, sai wani abokinsa da ya riga shi zuwa ya gaya masa wai duk wanda ya bar gida domin karatu matafiyi ne har ranar da zai koma, saboda haka ya yi ta sallar ƙasaru. Shi kuwa ya kama. Da sanyi ya shigo, yini ya gajarce, sai ya ga Azahar da La'asar da Magariba duk suna wucewa yana aji ko ɗakin gwaje-gwaje. Daga nan ya koma tara su, in ya dawo masauki da dare ya jero su gaba ɗaya. Yau wata uku ke nan yana haka, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya rubuto yana neman a gaya masa gaskiya.

Allah Ya yi wa wannan yaro albarka da ya tambaya. 'Ya'yanmu sun daɗe suna ƙetare teku neman ilmi. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan karatun aikin malanta a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, tun daga nan kuwa hanya ba ta yanke ba. Amma har yanzu in yaro zai tafi, uwa takan cika masa akwati da kilishi da yaji da kuka da daddawa, uba ya nemo rigar sanyi, a taru a yi masa addu'a, ba mai zaunar da shi ya karantar da shi hukuncin salla a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Ni a ganina wannan guzurin ya fi kilishi wajaba.

To, mu fara da maganar ƙasaru. Allah Ya yi rangwamen rage salla ga matafiyi a Suratun Nisa'i, aya ta 101, sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kuma bayyana yadda a ke yi. Amma tafiya tana da farko tana da ƙarshe. A mazhabar Imamu Malik, wadda mu ke kai a ƙasar nan, matafiyi yana ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48. Da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, ko gwargwadon abin da zai yi salla 20, to, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa. Wannan yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda a ke karantawa a zaurukanmu. Shafi'awa da Hanbalawa maganarsu kusa ta ke da tamu. Hanafawa su ne suka fi faɗaɗawa, su ma kwana 15 suka ce. Yanzu a dubi wanda ya kama ɗaki na shekara, ya biya kuɗin makaranta, ya san ranar jarrabawarsa ta ƙarshe nan da shekara uku ko huɗu. A wace mazhaba daga cikin huɗun nan za a kira shi matafiyi?

Ba zan ɓoye ba, akwai wani ƙauli. Shehin Musulunci Ibn Taimiyya yana ganin Shari'a ba ta yanka adadin kwanaki ba, a cikin malaman baya-bayan nan kuma Shehu Ibn Usaimin ya tafi a kan cewa ɗaliban da ke ƙasashen waje suna da hukuncin matafiya muddin suna jiran gama abin da ya kai su. Mai yiwuwa daga nan abokin nan ya tsinto maganarsa. Malamai ne masu daraja, ba mu raina su ba. Amma jamhurun malamai sun saɓa musu, kuma ko a kan wancan ƙaulin ba wanda ya ce a kai Azahar da La'asar cikin dare. Matafiyi na gaskiya ma, wanda ke bisa raƙumi a tsakiyar hamada, abin da aka yarje masa shi ne ya haɗa Azahar da La'asar da rana, ya haɗa Magariba da Lisha da dare. Sallar rana ba ta ƙetare faɗuwar rana da gangan. Aya ta 103 ta wannan sura da ta zo da rangwamen ita ce kuma ta tabbatar cewa salla farilla ce mai ƙayyadaddun lokatai a kan muminai.

Amma kada mu da ke zaune a gida mu yi saurin zargi, domin ba mu san irin wannan rana ba. A Kano yini ba ya kasa awa 11, ba ya kuma kai awa 13, rani da damina. Mutum ya tashi ya tsufa yana sallar Magariba tsakanin ƙarfe shida da bakwai. A Edinbara kuwa, a ƙarshen watan Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe 8:40 na safe, ta faɗi wajen 3:40 na yamma, yini bai cika awa bakwai ba. Zawali na yi wajen 12:10, kafin 1:30 La'asar ta shiga. Watau salloli uku cikin awa uku da rabi, kuma daidai lokacin da darasi ya fi tsanani. Wanda bai shirya wa wannan ba, lalle zai ɗaga kai daga littafi ya ga duhu ya rufa.

Mafita kuwa tana cikin littattafan da muka gada. Malamanmu sun kasa lokacin kowace salla kashi biyu, muhtari da laruri. Muhtarin Azahar daga zawali ne har inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali, daga nan muhtarin La'asar ya fara har rana ta yi fatsi-fatsi. Sun kuma ambaci abin da a ke kira jam'i na sura, watau mutum ya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen muhtarinta, yana sallamewa La'asar ta shiga, ya tashi ya kawo ta. A ido kamar ya haɗa su, alhali kowace ta faɗa cikin lokacinta, ba kuwa malamin da ya ce sallarsa ba ta yi ba. To, a dubi hikimar Allah: a tsakiyar hunturun Edinbara wannan mahaɗa tana faɗawa ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi, sa'ad da galibi a ke tashi cin abincin rana. Alwala ɗaya, minti 15, an sauke farilla biyu. Magariba ce za ta rage, ita kuwa raka'a uku ce, ba ta fi ƙarfin ɗan hutun da ke tsakanin darasi da darasi ba. Yawancin jami'o'in ƙasar suna da ɗakin da suka keɓe domin ibada, in ma babu, duk wuri mai tsarki masallaci ne ga wannan al'umma. Malaman jami'a kuma, in ɗalibi ya yi musu bayani cikin ladabi tun farkon zango, da wuya su hana shi fita na minti biyar. Sau da yawa kunya ce ke hana yaranmu tambaya, ba wani ne ya hana su ba.

Idan kuwa wata rana jarrabawa ta ritsa da shi, ko wani gwajin da ba a iya barinsa, akwai hadisin Abdullahi ɗan Abbas, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya ruwaito, cewa Manzon Allah ya haɗa Azahar da La'asar, ya haɗa Magariba da Lisha, ba domin tsoro ba, ba domin tafiya ba. Malik ya ce yana zaton saboda ruwan sama ne. A ruwayar Muslim an tambayi ɗan Abbas dalili, ya nuna cewa domin kada a ƙuntata wa al'umma ne. Wasu malamai sun dogara da wannan suka halatta haɗawa saboda bukata mai ƙarfi, da sharaɗin kada a mai da shi al'ada. Ƙofa ce ta ranar matsi, kuma ko a ranar ma raka'a huɗu-huɗu zai yi, domin haɗawa daban, ragewa daban.

Wannan yaro bai ga bazara ba tukuna, gara in faɗa masa tun yanzu. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a garinsu sai bayan ƙarfe 10 na dare, kafin 4:30 ta sake fitowa, kuma hasken shafaƙi ba ya gama ɓacewa har ya haɗu da na alfijir. Ina Lisha, ina Asuba? Matsalar ba sabuwa ba ce. A shekarar 922 Ahmad Ibn Fadlan, ɗaya daga cikin jakadun Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga, cikin Rasha ta yau, ya tarar da ladanin garin yana kwana ido biyu domin tsoron kada Asuba ta kuɓuce masa saboda gajartar dare. Malamai sun samo asalin hukuncin a hadisin Dujal da ke cikin Muslim, inda sahabbai suka ji labarin yinin da zai yi tsawon shekara, suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta ishe su, aka umurce su da su ƙaddara lokatai. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 1986, ta ce garuruwan da ke tsakanin digiri 48 da 66, inda alamar Lisha da ta alfijir ke ɓacewa a wani yanki na shekara, su ƙaddara waɗannan lokatai biyu bisa mafi kusancin wurin da alamun ke bayyana. Edinbara tana wajen digiri 56, Landan 51 da rabi, duk suna ciki. A 2007 majalisar ta ƙara da cewa idan Lisha ta yi nisa ƙwarai har jiranta ya zama wahala, irin ta ɗalibai da ma'aikata a ranakun aikinsu, suna iya haɗa ta da Magariba. Shawarata ita ce ya karɓi jadawalin masallacin garinsu ya bi, kada ya shiga gardamar digiri da samari, domin na ga ta raba abokai ba ta ƙara wa kowa raka'a ba.

Azumi kuwa, shi da tsararsa sun taki sa'a. A 2015 an ɗauki azumi ranar 18 ga Yuni, ɗaliban Sikotlan suka riƙa kame baki awa 19 ko fiye. A 2025 a farkon Maris aka ɗauka, kowace shekara kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 zuwa cikin hunturu, har zai zama nasu ya fi namu gajarta. Hukuncin dai ɗaya ne, kamar yadda Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke a 1978: muddin a na rarrabe dare da rana cikin awa 24, a kame daga alfijir zuwa faɗuwar rana, wanda ya ji tsoron cutuwa ya sha ya rama. Jarrabawa ita kaɗai ba uzurin shan azumi ba ce.

Tun da mun ce mazauni ne, Jumma'a ta hau kansa. Babban masallacin Edinbara, wanda aka buɗe a 1998, yana tsakiyar gari, ya duba jadawalin darussansa tun ranar da aka ba shi, ya san yadda zai yi da ranar Jumma'a.

Saura abin da ya wuce. Magaribarsa da Asubarsa da ya yi cikakku, ko da a makare, sun sauka daga wuyansa, sai tuba a kan jinkirin. Amma Azahar da La'asar da Lisha da ya yi raka'a biyu-biyu alhali yana mazauni, a mazhabarmu ba su inganta ba. Da wani malami masani ne ya ba shi fatawa da wancan ƙaulin ya bi, da ban ce ya rama ba. Shi kuwa maganar aboki ya bi, ga shi ma zuciyarsa ba ta natsu ba. Saboda haka ya ƙidaya. Kwana 90, salla uku-uku, ya kama salla 270. Kada adadin ya firgita shi. In ya riƙa rama na kwana biyu ko uku kowace rana, kafin sanyi ya wuce ya gama. Ramuwar farilla ba ta da lokacin hani, da dare ko da rana duk yana iya yi, ya kuma gabatar da ita a kan nafila. Abokin nan nasa ma ya kai masa wannan shafi ya karanta, cikin lumana, domin shi bashinsa ya fi tsawo.

Allah Shi ne Mafi sani. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tambayarsa ta biyu, game da naman da a ke sayarwa a kantunan ƙasar da abincin ɗakin cin abinci na ɗalibai. Wassalamu alaikum.