Kashedin Ruoxi: wanda ya yi nufin alheri, ya fita laifi ke nan?

Ranar wata Asabar da dare, a teburin mai shayin bakin layinmu, gardama ta kaure tsakanin wani tela da wani direban tirela a kan wasan kwaikwayon ƙasar Sin. Har shayinsu ya huce ba su daidaita ba. Ni da na zauna ina yi musu dariya, sai ga shi na kwana ina juya maganar a raina.

Sunan wasan Bu Bu Jing Xin, ya fito a 2011, kashi 35 ne, kuma daga littafin wata marubuciya mai suna Tong Hua aka ɗauko shi. Wata budurwa ce ta wannan zamanin ta yi hatsari, ta farka ta tsinci kanta a jikin wata 'yar manya mai suna Ruoxi, a zamanin Sarki Kangxi na daular Qing, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722. 'Ya'yan sarkin na ta farautar juna a kan gadon sarauta, abin da mu Hausawa ba sai an yi mana bayaninsa ba. Ita kuwa ta karanta tarihi. Ta san Yarima na Huɗu ne zai hau gado, ta san Yarima na Takwas zai ƙare a tsare. A tarihin gaske ma haka aka yi: na Huɗun ya zama Sarki Yongzheng, na Takwas ya mutu a tsare a 1726.

To, na Takwas ɗin ta fara so. Ta roƙe shi ya haƙura da neman sarauta, ya ƙi. Da za su rabu sai tausayi ya kama ta, ta ce masa ya yi hankali da na Huɗu, har ta lissafa masa sunayen wasu mutane. Dalili kuwa ba ta faɗa ba. Shi kuma ya riƙe maganar, ya ƙulla wa ɗan'uwansa makirci a gaban mahaifinsu. Sai Yarima na Sha Uku, aminin Ruoxi na ƙut da ƙut, ya ɗauki laifin a kansa don ya ceci na Huɗu, aka tsare shi shekara goma. Da na Huɗu ya hau mulki ya rama da mugun hannu. Sai can daga baya matar na Takwas ta gaya wa Ruoxi cewa kashedinta ne tushen abin.

Tela ya ce ba ta da laifi ko na sisin kwabo, ai ceton rai ta nufa. Direba ya ce, “Malam, in na taka mutum da mota, nufina ba zai tashe shi ba.”

Maganar tela tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Duk wanda ya ga maciji ya shiga ɗakin maƙwabcinsa ya yi shiru, ba mutumin kirki ba ne. Da Ruoxi ta kame bakinta, da mu ɗin nan za mu ce mata marar imani. Kuma ba ita ta ƙulla makircin ba. Wanda ya ƙulla shi babba ne da hankalinsa, shi ya zaɓi abin da zai yi da maganar. Kaso mafi girma na laifin nasa ne.

Amma ni dai ban iya wanke ta tas ba. Ƙarshen labari ta sani, hanyar da za a bi a kai can kuwa ba ta sani ba. Irin wannan ne ake ce wa ƙaramin sani ƙuƙumi. A ranar da ta yi kashedin, na Huɗu bai yi wa na Takwas abin da take tsoro ba tukuna. Ta ɗora wa mutum laifin da bai riga ya aikata ba, ta miƙa sunansa ga mai neman mulki ido rufe, ta kuma ɓoye hujjarta. Mutumin da aka ce masa “yi hankali da wane” ba tare da dalili ba, zai cike gurbin da mafi munin abin da zuciyarsa ta raya masa. Mai tsoro kuwa yakan so ya riga kai duka.

Wani zai ce ai ƙaddara ce, ko ta yi magana ko ta yi shiru haka tarihi zai tafi. Na yarda. Sai dai ba a taɓa jin alƙali ya sallami wanda ya kunna wa rumfa wuta don an ce dama an ƙaddara za ta ƙone ba. Kowa da kasonsa a cikin abin da ya faru, kuma a kan kason nan za a tambaye shi.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shafin unguwa shi ne, kashedi irin na Ruoxi kullum muna yin sa a Sabo. “Ka yi hankali da yaron shagonka.” “Ki sa ido a kan kishiyarki.” “Ku yi hattara da masu gari a satin nan.” Yanzu ma ba sai an taka ƙafa ba, saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya zagaye unguwa kafin la'asar. Yawancin masu turawa ba mugaye ba ne, tsoro ne da ƙauna. Ni kaina na taɓa ce wa wani aminina ya lura da ɗan'uwan da yake aikowa da kaya daga Arewa, don kawai na ga yaron ya sayi sabon babur. Aka raba gari. Bayan wata biyu aka gano bashi ya ci ya saya. Na ba da haƙuri, amma har yau iyayensu ba sa gaisawa kamar da.

Tun daga nan nake yi wa kaina tambaya uku kafin in buɗe baki. Abin nan na gani da idona, ko tsoro nake ji? Zan iya maimaita shi a gaban wanda na ambata? In wanda na gaya wa ya harzuƙa, a kan wa abin zai faɗa? In na gani da ido, sai in faɗi abin da na gani da inda na gan shi, in tsaya nan. In zato ne kawai, gara in je wurin mutumin da kansa, ko in kai wa mai unguwa ko Sarkin Hausawa, waɗanda za su kira kowane ɓangare su ji ta bakinsa.

Mu baƙi ne a garin mutane, rumfunanmu a manne da nasu, 'ya'yanmu aji ɗaya da nasu. Idan kashedin da ba shi da tushe ya tayar da fitina, ba mai tura saƙon ne ke fara kwana a waje ba. Mai tura baro ne da mai tallan albasa, waɗanda, kamar Yarima na Sha Uku, ba su ma san an yi maganar ba.