Ƙazantar Da Ruwan Sama Ya Kai Tabki: Alhakin Wa?

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya bi hanyar kwalta daga Takieta zuwa Damagaram da damina, ya ga yadda tabkuna da tsofaffin ramukan ɗibar ƙasar gini ke cika su tumbatsa, yara na iyo, mata na wanki, dabbobi na sha. Tambayar da muke son dubawa ita ce: idan yaro ya kurɓi wannan ruwa ya kamu da zawo, alhakinsa yana wuyan wa?

A gona, rairayi yana shanye ruwan sama, ya tace shi. A gari kuwa, rufin kwano da kwalta da daɓen siminti ba su shan ruwa. Sai ya bi lunguna da magudanai, ya kwashi bayan gidan da aka yi a fili, da kashin dabbobi, da ambaliyar shadda, ya juye a wuri mafi gangara, wato tabki. Ruwan farko shi ya fi muni, domin shi ke wanke dattin rani baki ɗaya. Masana suna auna wata ƙwayar cuta mai suna E. coli, wadda mazauninta hanji ne. Yawanta a ruwa shaida ce cewa najasa ta shiga, kuma ta hanyarta taifot da kwalara ke bi. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, jihohin Damagaram da Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Arziki ma bai hana wannan ba: a wasannin Olamfik na 2024 a birnin Paris, an ɗage gasar da ta haɗa da iyo a kogin Seine, saboda ruwan sama ya ƙara yawan ƙwayoyin.

To, mai gidan da ke nesa da tabki zai ce: ni a bayan katangata na zubar, ruwa ne ya kai. Wannan uzuri yana da kamar hujja, amma malaman fiƙihu sun daɗe da bambance mai aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta. Wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, dabbar wani ta faɗa, shi ke biya, ko da yana barci sa'ad da ta faɗa. Sauƙin ma, mai rami bai san ko wani zai bi ba. Mu kuwa mun san damina za ta zo, mun san inda ruwan unguwarmu ke gangarawa. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma tsoratar game da bayan gida a mashaya da hanya da inuwa. A ganina, kwatar da ke ƙarewa a tabki tana cikin hukuncin mashaya.

Inda abin ya fi wuya shi ne yawan masu laifin. Gida ɗari sun zuba, ba a iya cewa ƙwayar wane ce ta kwantar da yaron, sai kowa ya ga rabonsa bai kai a ambata ba. Sai dai rarrabuwar laifi ba ta mayar da shi babu. Hukumar da ta yanka filaye ba magudana tana da nata kaso, talakan da ba shi da halin gina shadda kuma ba a ɗora masa daidai da mawadaci.

Wani zai ce: ai ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba mai tsarki ne a mazhabar Malikiyya. Haka ne, amma wannan hukuncin alwala ne, ba shaidar likita ba. Ƙwayar cuta ba ta da launin da ido ke gani. Shi ya sa a ƙasashe da dama ake shawartar mutane su ƙaurace wa iyo kwana biyu zuwa uku bayan ruwa mai ƙarfi, daidai kwanakin da yaranmu suka fi ɗokin tabki. Wallahu a'alamu.