Ɗana, Ka Kafa Rumfarka da Sunanka

Na samu labari ka fara karɓar aikin jinga ta intanet, yau fassara, gobe gyaran rubutu, jibi rubuta maganar cikin bidiyo, kuma masu ba ka aikin wani yana Legas, wani yana Landan, ba ka taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Na yi murna, domin neman halak ne. Amma zauna ka ji wata magana daga bakina, kai da ƙanwarka da ta fara zanen tallace-tallace a kwamfuta, tun duniya ba ta gaya muku ita da bulala ba.

A garinmu, idan mutum zai ba magini jingar ɗaki, ba ya tambayarsa takarda. Zai ce, ɗan gidan wa ne? Wa ya koya masa? Sai a nuna masa katangar da ya yi shekara goma da suka wuce, har yau damina ba ta kayar da ita ba. Kai kuwa mai ba ka aiki ba shi da wanda zai tambaya. Abin da ke gabansa kawai takardar nan ce ta tarihin karatu da aiki, wadda kowa ke kira CV. Ita ce fuskarka, ita ce asalinka a wurinsa. To ka ga kuwa ba abin wasa ba ce.

Na taɓa zama ina duba takardun matasa masu neman wani aikin fassara, sai ga guda biyu sun zo mini iri ɗaya sak: jimlolin buɗewa ɗaya, ayyukan da aka lissafa ɗaya, har kuskuren harafi guda da ke layi na huɗu yana nan a duka biyun. Suna da lambar waya ne kaɗai suka bambanta. Ban san wane ne mai kaya ba, ban san wane ne ya ɗauka ba, kuma babu lokacin bincike, don haka na ajiye su duka. Har yau abin yana ci mini rai, domin na tabbata ɗaya daga cikin yaran nan da gumin kansa ya rubuta, kuma na hana shi abinci saboda laifin wani. Wataƙila ma abokinsa ne ya ce, turo mini taka in ga yadda ake tsarawa.

Na san yadda abin ke farawa. Kana ganin takardar wani ta cika ta batse, taka kuwa rabin shafi, sai zuciya ta ce ai kowa haka yake yi, ɗan ara kawai za ka yi. Koyon tsari ba laifi ba ne. Ka duba yadda na gaba suka jera nasu, ka koya. Amma ranar da ka kwafi jimlar da ke cewa ka shekara bakwai kana fassarar takardun asibiti alhali ba ka taɓa fassara ko takardar magani ba, ka yi sata kuma ka yi ƙarya a lokaci guda. Kuɗin da za a biya ka a kan wannan magana, ka tambayi malaminka hukuncinsu. Sannan ka tuna cewa wata uwa za ta karanta abin da ka fassara ta ba ɗanta magani da shi.

Kada ka ce babu mai ganewa. A 1999 Salisu Buhari ya hau kujerar Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya, mujallar The News ta tono cewa digirin da ya ce ya samu a Jami'ar Toronto babu shi, shekarunsa ma an ƙara. Bai cika wata biyu a kujerar ba ya sauka yana hawaye yana neman gafara. An yafe masa daga baya, amma kalmar Toronto ta daɗe a bakin 'yan Najeriya tana nufin takardar bogi. A Amurka ma, a 2012, Scott Thompson ya bar shugabancin kamfanin Yahoo bayan wata huɗu kacal, saboda digirin ilimin kwamfuta da aka rubuta a tarihinsa wanda bai yi ba. Waɗannan manya ne masu lauyoyi da magoya baya, ramin ƙarya kuma bai yi musu tsawo ba. Kai da jimla ɗaya za a kwafa daga takardarka a liƙa a Google, cikin daƙiƙa biyu mai ita ya bayyana, da me za ka kare kanka?

Yanzu juya ka dubi ɗaya gefen, domin shi ya fi ba ni tsoro a kanka. Masu fassara a duniya sun daɗe suna kuka da wasu ɓarayi da sana'arsu ke nan. Sukan tsinci takardar ƙwararre a dandalin masu neman aiki, su bar sunansa da karatunsa da ayyukansa yadda suke, su sauya adireshin imel kawai da wani na kyauta mai kama da nasa, harafi ɗaya ko lamba ɗaya ce ta bambanta. Sai su watsa ta ga ɗaruruwan kamfanoni da farashi mai rahusa. Aiki na zuwa su zuba shi a na'urar fassara, wadda Google ya saka mata Hausa tun ƙarshen 2013, su miƙa abin da ta amayar, su karɓi kuɗi ta asusunsu. Wanda zai gane aikin banza ne sai ya iya Hausa, kuma galibin masu ba da aikin ba su iya ba. Sai daga baya ƙorafi ya iso. Sunan wa za a rubuta a jerin waɗanda ba za a sake ba aiki ba? Naka. Kana gida ba ka san hawa ba, ba ka san sauka ba, ayyuka sun ɗauke kamar ruwan Oktoba.

Maganin da na sani shi ne ka mallaki shafin intanet naka na kanka, mai ɗauke da sunanka. Ka yi rajistar adireshi, ko mai ƙarewa da .ng wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ko .ne idan a Nijar kake, ko .com. Kuɗin shekara-shekara ne ake biya, kuma ka rubuta ranar sabuntawa inda ba za ka manta ba, domin idan ya kuɓuce wani na iya saye. Ginin shafin kansa ba ya buƙatar ka zama injiniya. Manhajar gina shafi ta WordPress na nan tun 2003, GitHub ma yana ajiye ƙaramin shafi kyauta. Babbar ribar ita ce imel ɗinka zai fito daga wannan adireshi. Kowa na iya buɗe Gmail da sunan da ya yi kama da naka cikin minti biyar, amma babu mai aika saƙo a amsa masa ta adireshin gidanka sai wanda ke riƙe da makulli. Ka rubuta ɓaro-ɓaro a shafin farko cewa ta wannan imel kaɗai kake karɓar aiki, duk wani daban ba kai ba ne.

Za ka ce ai kana da shafi a Upwork da Fiverr da LinkedIn, taurarin yabo ma sun fara taruwa. Madalla, ka riƙe su, can ne kasuwa take ci. Amma rumfar haya ce, ɗana. Mai rumfa ne ke yanka kasonsa, shi ke sauya doka, kuma ranar da ya rufe asusunka yabon da ka tara ba ya bin ka gida. A Maris 2022 Upwork ya dakatar da harkokinsa a Rasha da Belarus saboda yaƙin Yukren, 'yan jingar can da ba su harba ko harsashi ɗaya ba suka rasa rumfunansu. Mu ma mun gani a nan: daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya, wata bakwai, masu tallar hajarsu a can suka shiga uku. Google da kansa ya rufe dandalinsa na Google+ a 2019. Wanda yake da adireshin kansa, duk inda kasuwa ta koma masu nemansa sun san ƙofar gidansa.

Abin da za ka zuba a ciki ba shi da yawa. Sunanka na gaskiya, aikin da ka iya, da samfurin aikin hannunka guda uku ko huɗu, kowanne da kwanan wata. Idan ba ka da aikin da aka biya ka tukuna, ɗauki wani rubutu da babu haƙƙin kowa a kansa ka fassara, ka faɗi gaskiya cewa gwaji ne. Rabin shafi da za ka iya karewa gaban kowa ya fi mini shafi biyar na aro. Idan ka kammala, je ka ma'ajiyar Internet Archive ka sa ta adana hoton shafin. Tana rubuta ranar, kuma ranar nan shaida ce idan wani ya kwashe kalmominka ya ce nasa ne.

Abu biyu kada ka saka. Aikin da mai shi ya ba ka bisa amanar sirri, ko da shi ne mafi kyawun abin da ka taɓa yi, kada ya hau shafinka sai da izininsa a rubuce. Kuma lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, hoton fasfo, takardun shaidar makaranta da adireshin gidanku, ka bar su a aljihu. Wanda ya ɗauke ka aiki da gaske zai nema ta hanyar da ta dace. Ƙanwarka musamman ta kiyaye wannan.

Idan kuwa a takardar da kake aikawa yanzu akwai layin da ka san ba naka ba ne, ba zan tambaye ka ba, kuma ba sai ka gaya mini ba. Ka buɗe ta yau da daddare ka goge shi. Idan abokinka ya nemi taka, ka zaunar da shi ku rubuta tasa tare. Kafin watan nan ya mutu ina son ka turo mini adireshin shafinka in buɗe da hannuna. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya tsare maka sunanka.